Darasin Lafiya: Hanji da Ciwon Dajin Ƙwaƙwalwa

A cikin hanjin kowannenmu akwai ƙananan halittu da ake kira bakteriya, ido ba ya ganinsu. Yawancinsu masu amfani ne. Idan mun ci wake, gero, kuɓewa ko miyar kuka, akwai ɓangaren da ciki ba ya iya narkarwa. Su ne suke cinye shi, sai su fitar da wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu ana kiransa butiret. Sinadaran suna shiga jini, suna taɓa garkuwar jiki, aikinsu kuwa yana kaiwa har ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa tana da nata masu gadi, wasu ƙwayoyi da ake kira maikurogiliya. A 2015 masana a Jami'ar Freiburg ta Jamus sun bincika ɓerayen da aka rena babu bakteriya ko ɗaya a hanjinsu, suka tarar masu gadin nan ba su girma yadda ya kamata ba. Da aka zuba musu waɗannan sinadarai a ruwan sha, sai suka gyaru. A 2020 kuma, a birnin Roma, an ɗura wa ɓeraye masu ciwon dajin ƙwaƙwalwa maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, har bakteriyar hanjinsu ta rikice. Ƙarin da ke kansu ya fi na sauran girma.

Ku lura, a kan ɓera aka yi wannan aiki. Nono ko daddawa ba sa warkar da wannan ciwo, kuma duk wanda ya ce yana sayar da garin da zai narkar da shi, kuɗinku yake nema. Mafi muni a cikin irinsa, giliyobilastoma, ko da tiyata da gashi da magani, rabin masu shi ba sa wuce wata 15.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne ɗabi'ar shan kafso. Da yawa daga cikinmu idan sun shiga Sabon Gari a ƙaramar hukumar Fagge sukan dawo da shi cikin leda, a raba wa yara da maƙwabta don mura ko ciwon kai. Antibayotik ba ya maganin mura, amma yana kashe masu amfani tare da masu cutarwa. A 2024 hukumomi sun rufe shagunan magani masu yawa a Sabon Gari, aka umarci 'yan sari su koma Dangwauro. Kasuwa ta tashi, ɗabi'ar tana nan a gidajenmu. Idan likita ne ya rubuta, a sha yadda ya ce.

Ciwon kan da yake ƙaruwa mako bayan mako, musamman da asuba tare da amai, ko babba ya fara farfaɗiya, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya su mutu, kada a tsaya cewa jifa ne. Dattawan ikilisiya su yi addu'a, zumuntar mata ta haɗa kuɗin mota, a kai shi asibiti mafi kusa a nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.