Yadda Ake Haska Lahanin DNA da Antibodi Mai Ƙyalli

Manomin Maiha ya san fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi. Gubar da take fitarwa, aflatoksin, tana manne wa DNA a hanta, kuma tun 1991 aka gano tabon da take bari a kan ƙwayar gado ta p53. Ɗalibin Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi da yake son ganin wannan ɓarna da idonsa, hanyarsa ita ce antibodi mai ƙyalli, dabarar da Albert Coons ya ƙirƙiro a Amurka a 1941.

Idan DNA ta tsinke, masu gadin tantanin halitta, furotin ATM da ATR, suna liƙa fosfet a jikin Chk2 da Chk1 da p53, su tsayar da rabuwar tantanin har a yi gyara. Suna kuma yi wa furotin H2AX alama a daidai wurin tsinkewar, abin da ɗakin binciken William Bonner ya bayyana a 1998. Wannan alama, gamma-H2AX, ita ake farauta.

Da farko ana shuka tantanin hanta a kan ɗan siririn gilashi, a raba kashi uku: wanda aka zuba wa gubar, wanda ba a taɓa ba, da wanda aka ba etoposide, maganin da aka tabbatar yana tsinka DNA. Sai a kafe su da paraformaldehyde kashi 4 cikin 100 na minti 15, a wanke da ruwan PBS sau uku. Triton X-100 kashi 0.2 cikin 100 na minti 10 shi ke huda tantanin, antibodi ya samu hanyar shiga cibiyar tantanin, inda DNA take. Daga nan a jiƙa gilashin a ruwan BSA na awa guda, don kada antibodi ya manne inda ba a aike shi ba.

Antibodi na farko, wanda aka samo daga zomo ko ɓera, shi ne mai gane alamar. Ana barinsa ya kwana a ma'aunin sanyi 4. A nan ne aikin yakan lalace a ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi. Firjin da ya mutu tsakar dare a zafin watan Afrilu ya isa ya jawo asarar kwalbar da aka sayo da dala. Mai hankali yakan kasa antibodin ƙananan kaso tun ranar da ya iso, ya daskarar, don narkewa da sake daskarewa suna kashe ƙarfinsa. Firji mai sola ya fi janareta amana.

Washegari a wanke, a zuba antibodi na biyu mai ɗauke da rini, kamar Alexa Fluor 488 mai haske kore. Dole ya dace da dabbar da na farko ya fito. Awa guda a cikin duhu, don haske yana koɗar da rinin. Sai DAPI, wanda ke rina cibiya shuɗiya, a kife gilashin, a toshe gefensa da man farce marar launi.

A madubin likita mai ƙyalli, lahanin yana fitowa ɗigo-ɗigo kore a cikin shuɗi. Irin wannan madubi ba ko'ina yake ba. Cibiyar BioRTC da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya kafa a Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu tana da shi, kuma gilashin da aka rufe da kyau yana jure tafiya a cikin sanyi da duhu.

Ana ƙirga ɗigon a tantani aƙalla 100 na kowane kashi da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, ba tare da sauya saitin kyamara ba. Kafin a yarda da lissafin, a duba gilashin da ba a sa masa antibodi na farko ba: idan shi ma ya yi kore, mai yiwuwa antibodi na biyu ne ya manne inda bai kamata ba, sai a koma a tsawaita jiƙon BSA, a ƙara wanki.