Yadda Ake Kwantar da Hankalin Mai Gigin Tsufa da Ƙamshi

Likitoci sun tabbatar da cewa saƙon ƙamshi, idan ya bar hanci, yakan zarce kai tsaye zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe da tunanin da da shauƙin zuciya, waɗanda kuwa su ne cutar Alzheimer kan fara ci, shi ya sa sau da yawa hancin dattijo yakan dushe shekaru kafin iyalinsa su lura da mantuwarsa. Mai jinyar mahaifi a Gudel, nan bakin kogi a Yamai, yana iya amfani da wannan hikima da abin da ke cikin gidansa.

Da farko a zaɓi abubuwa huɗu da tsohon ya saba da su tun ƙuruciya, kamar kanumfari, da ɓawon lemun tsami, da daddawa, da almiskin da yake shafawa ran Juma'a, a sa kowanne a kwalbarsa mai murfi. Thomas Hummel na Dresden a Jamus ya jarraba irin wannan tsari a 2009 ga masu raunin jin ƙamshi: iri huɗu, sau biyu a yini, har mako 12.

Sa'an nan a tsai da lokaci, da hantsi da kuma bayan la'asar, tun almuru ba ta kawo rikicinta ba. A kusanto da kwalba, ya shaƙa kaɗan, a dakata, a kawo ta biyu. Sharaɗi mafi girma, wanda a ganina ya fi kwalaben muhimmanci, shi ne kada a mai da abin jarrabawa, domin tambayar "mene ne wannan?" ba ta haifar da kome face kunya da fushi. A ce kawai, "Baba, ku ji daddawar nan, irin ta miyarku ce," a yi shiru. In fuska ta saki, ko labarin wata tsohuwar kasuwa ya ɓarke, a saurara ko da an sha jinsa; in kuwa ta murtuke, a rufe kwalbar, gama wani ƙamshin makoki yake tunatarwa. Mai tari ko asma a nisanta shi da turaren wuta.

Wajibi ne kuma a zama hancinsa: a duba tukunyar gas, a ɗanɗana kwanan tuwo kafin a ba shi. Wannan duka rarrashi ne, ba waraka ba, saboda haka wanda mantuwarsa ke ƙaruwa a kai shi Babban Asibitin Ƙasa na Yamai.