Kwamfutar da Ke Binciken Kanta Kowace Safiya

Daga Jega zuwa Aliero, har Maiyama, kwamfuta ta daina zama baƙuwa. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, JAMB kuma ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, gidaje da dama sun sayo wa 'ya'yansu, galibi ta hannu. Kunnawa da sa caji ba sai an koya wa kowa ba. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne rubutun Turancin nan da ke fitowa kafin Windows ta buɗe, lambobi suna ta hawa har su kai 100. Faifan ajiyarta take dubawa. Idan kullum sai ta yi haka, a fara duba yadda ake kashe ta.

Ga wani gida a Aliero bayan sallar isha'i. Maigida dillalin albasa ne, 'yarsa na shigar masa da lissafin buhunan da aka loda, janareta na ruri a zaure.

"Ke, tashi haka nan, mai na ƙonewa!"

"Baba, ka yi haƙuri in rufe ta tukuna."

"Rufe me? Fitila ma da an taɓa ta mutu."

Inna ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. "Haba Malam, lissafinka fa take yi, ba nata ba." Ba ta rufe baki ba autan gidan ya ruga ya murɗe janareta, don a ce shi mai jin magana ne. Batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Ɗif! Allo ya yi baƙi, yarinya ta dafe kai, Malam ya ja buzunsa ya kunna rediyo.

Washegari bincike ya tashi, lissafin daren jiya kuma babu shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwamfuta tana rubutu a faifanta ko da ba a taɓa ta ba. In wuta ta yanke tana tsakiyar aiki, sai a bar alama a faifan cewa akwai abin da bai kammala ba, kamar ɗan kasuwar da aka fizge wa littafin bashi yana cikin rubuta suna. Alamar nan ce ke tayar da bincike. Don haka kada a kashe kwamfuta daga soket. Kada a zare filogi, kada a danne maɓallin wuta har ta mutu, kada a kashe janareta tana aiki. A danna alamar Windows, a zaɓi kashewa, a jira allo ya mutu da kansa.

Abin takaici, akwai masu shagon buga takardu da ko an faɗa musu sau goma, da an kira sallah sai su kashe soket ɗaya da ke riƙe da na'ura uku. Da safe bincike ya fara, su danna maɓalli su tsallake shi, wai kwastoma na jira. Alamar tana nan daram, gobe ma binciken ya dawo. Ranar da takardun mutane suka salwanta, sai su ce an sayar musu da jabu. Su suka kashe abarsu.

Gyaran ba wuya. A sa ta a wutar da ba za ta yanke ba, a bar binciken ya kai ƙarshe ko zai ci awa guda. In ya sake dawowa, wanda ya iya ya ba ta umarnin chkdsk C: /f da izinin mai kula da na'ura, ya amsa da Y, ya sake kunnawa. A sauya mataccen batir. Ta tebur kuma a haɗa mata UPS.

In an yi duk wannan bai daina ba, ko ana jin ƙas-ƙas daga ciki, wataƙila faifan ne ya kama hanyar lalacewa. Irin na da yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ba ya jure bugu da zafin bazara. A kwashe takardu da hotuna zuwa filash a ranar, kafin a kai wa mai gyara.

Mai karatu, yau da dare ka tara yaran gida da mai kula da janareta, ka nuna musu yadda ake kashe ta, ka kuma hana kowa taɓa soket sai allo ya mutu.