Kafin Ka Biya Kuɗin Babbar Riga

 Ni tela ne, babbar riga da kaftani su ne abincina. Kaka ita ce lokacin da manomi ke sayar da gyaɗa da wake ya shiga birnin Kano yanko rigar angonci ko ta fita kunya. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: da yawa cikin mutanenmu suna biyan kuɗin kaya na ainihi, su dawo gida da jabu.

Mu fara da shadda. Wadda muke kira Gezna, kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, kamfanin da ya kafu tun 1818. Auduga ce zalla, shi ya sa take shan wanki da bugu shekara da shekaru tana nan da kwarjininta. Akwai kuma shaddoji masu sauƙin kuɗi, yawancinsu daga Sin. A kasuwar Kantin Kwari kowane mataki akwai shi, kuma 'yan kasuwa masu tsoron Allah za su gaya maka gaskiya: "Alhaji, wannan 'yar China ce, ga kuɗinta." Da irin waɗannan ba ni da ja. Damuwata ita ce wanda zai ɗauki ta ƙasa, ya nuna maka hatimin zinare a bakinta, ya karɓi kuɗin ta sama. Hatimi bugawa ake yi, kowa ma zai iya bugawa.

Wani saurayi ya taɓa kawo mini shadda yadi goma saura kwanaki kaɗan ɗaurin aurensa. Ragon da ya yi kiwo ya sayar ya sayo ta. Da na damƙa sai na ji santsinta ya yi yawa. Na zare zare ɗaya daga bakin yankan, na ƙyasta ashana. Nan take ya narke ya dunƙule ya yi baƙi, warin leda ya tashi. Yaron nan ya zauna a kan benci ya yi shiru, ya kasa ko tambayata. Na ɗinka masa, don babu yadda za a yi, amma raina ya ɓaci ƙwarai, har yau kuma yana ɓaci idan na tuna.

Wannan gwaji kowa zai iya yinsa. Zaren auduga idan ya ƙone warin takarda yake yi, ya bar toka mai laushi da za ka murtsuke da yatsa. Mai roba narkewa yake yi. Sannan ka jiƙa gefen ƙyalle da ruwa ka murza da farin hankici. In launi ya biyo, ko ƙyallin wurin ya mutu bayan ya bushe, to sitaci ne ke ruɗar ido, wankin farko zai tona asiri.

Sai aikin riga. Nan ne aka fi cutar mutane, domin ido ya fi zuwa kan ƙirjin riga. Aikin hannu irin aska biyu da aska takwas, da tambarin da ake zagayawa a ƙirji da baya, ko malum-malum da Zazzagawa suka shahara da ita, allura ce da haƙuri, riga ɗaya takan ci watanni. Keke yana gama irinsa cikin kwanaki, injin kwamfuta cikin sa'o'i. Juya rigar ka duba cikinta. Aikin hannu za ka ga ƙulle-ƙullen zare inda mai ɗinki ya tsaya ya ci gaba, ɗinkin ba ya zama daidai wa daida, kuma wurin yana da nauyi da taushi a hannu. Na inji sumul yake kamar an auna da ma'auni, sau da yawa har da ragowar farar takardar da aka shimfiɗa a ƙarƙashi. Ni ma ina aikin keke, yana da kyau, yana rufa wa talaka asiri. Sai dai a kira shi da sunansa, a saye shi da kuɗinsa.

Saƙi kuwa gadonmu ne. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata tana nan, Kura ma an san ta da turkuɗi. Amma tun da masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa suka durƙushe, babban kamfanin UNTL na Kaduna ya rufe a 2007, kasuwa ta cika da kayan waje, har da yadin da aka buga wa zanen saƙi. Na gaskiya siraran ƙyallaye ne da aka haɗa ɗaya bayan ɗaya, za ka ji layin haɗin da yatsa, kuma zanen ciki da waje duk ɗaya ne. Na bugawa bayansa fari-fari yake. A nan kada ka yi amfani da gwajin hankici: kore da turkuɗi na ainihi suna barin shuni a jiki, wannan ba aibi ba ne.

Mutanen Sikotilan, masu ɗaura zanen nan na maza da suke kira kilt, sun sha fama da jabu su ma. A 1993 aka yi doka a Birtaniya cewa ba a kiran yadi Harris Tweed sai wanda mutanen wasu tsibiransu suka saƙa da hannu a gidajensu. Masaƙanmu da marinanmu sun cancanci irin wannan kariya, kuma ya kamata ƙungiyoyin masu sana'a su neme ta.

Ana cewa araha ba ta ado. Ni dai na ga yadin auduga mai matsakaicin kuɗi, da tela ya yanka da kyau, ya fi Geznar ƙarya fitowa a filin Idi. In aljihunka bai kai yadi goma na kirki ba, yanki biyar ka yi kaftani da wando, babbar riga ta jira baɗi. Kada ka bari sai azumi ya raba, lokacin kaya sun hau, teloli kuma ba sa barci, aikin gaggawa ake yi. In da hali ka tafi da telanka kasuwa, kuɗin motarsa bai kai asarar da zai tsare maka ba. In ba hali, ka roƙi mai shago ya yanko maka ɗan ƙyalle ka gwada kafin a sa almakashi, kuma ya rubuta sunan yadin a rasit. Wanda ya ƙi yin waɗannan biyun, ka yi masa sallama ka matsa shago na gaba.