Darasi Na 18: Injin Busar da Tufafi

A ƙauye rana ce ke busar da wanki. A birni kuwa, a asibitoci da manyan otal, akwai injin da ke wannan aiki. Yana juya tufafi cikin ganga, yana hura musu iska mai zafi.

A cikinsa akwai ɗan allo mai ƙananan wayoyi. Shi ne ƙwaƙwalwar injin. Shi ke tada shi, shi ke tsai da shi. Yana da tsada.

In injin ya ƙi aiki, kada ka yi gaggawar cewa allon ya ƙone. Fara da mai sauƙi.

1. Duba ko akwai wuta.
2. Rufe ƙofarsa sosai. In ba ta kama ba, ba zai tashi ba.
3. Share rariyarsa. Ɓurɓushin auduga yakan toshe ta, zafi ya yi yawa, fiyus ya ƙone. Har gobara yakan jawo.
4. Zare fulogi, jira minti 5, ka mayar.

In ya nuna wata lamba a fuskarsa, rubuta ta, ka kai wa mai gyara. Kada ka buɗe bayansa da kanka. Wutar lantarki tana kisa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin allon?
2. Don me ake share rariya?