Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗinsa. Ka ce 'yan reshenku na jam'iyyar Libertarian a can Amurka sun ɗora maka kafa rumfa a bikin baje kolin gundumarku, don ku gana da jama'a. Allah ya taya ka riƙo. Ni kawunka, wasu ra'ayoyinku sai na yi ta juya su kafin su zauna mini. Amma na ga taro iri-iri, da wanda aka tashi ana murna da wanda aka watse baram-baram. Ba ni kunnenka kaɗan.

Da farko ku san tsayinku. A Colorado aka kafa jam'iyyar, a Disambar 1971. Ƙuri'u mafi yawa da ta taɓa samu a zaɓen shugaban ƙasa su ne na Gary Johnson a 2016, kusan miliyan 4.5, wato kashi 3 da ɗoriya cikin 100. Ka ga ke nan yawancin masu wucewa ta gabanka 'yan Democrat ne ko 'yan Republican, ko waɗanda siyasa ta gundura. Kada ranka ya ɓaci. Baƙinka ne, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran makonni ka je wurin masu bikin, ka biya kuɗin fili, ka karɓi takarda a hannu. Ka tanadi laima, da tebur, da kujeru, da ruwan sanyi. Ka raba wa mutanenka lokaci, biyu-biyu, awa biyu ko uku. Wanda ya wuni a rana shi kaɗai, da la'asar harshensa kan yi kaifi. A batun gudummawa ka yi hattara ƙwarai. Dokar ƙasar ta hana baƙon da ba shi da katin zama na dindindin ba da kuɗi a harkar zaɓe. In ɗan'uwa ya miƙo dala don kara, ka yi godiya, ka mayar masa.

Na ji kuna da wata 'yar takarda mai tambayoyi 10, biyar kan 'yancin mutum a rayuwarsa, biyar kan dukiya da sana'a. Mutum ya amsa, sai a manna masa ɗigo a babban allon nan mai taswirar David Nolan, ya ga inda ra'ayinsa ya faɗa. Wannan dabara ta burge ni, domin tana sa ku fara da tambaya. To, in ka tambaya, ka yi shiru ka saurara. In ɗigon tsohuwa ya faɗa nesa da naku, kada ka ce ta yi kuskure. Ka yi mata godiya, ka miƙa mata ruwa. Za ta manta da bayaninka, ruwan kuwa zai daɗe a ranta.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Kowane ɗan jam'iyyarku yana sa hannu cewa bai yarda a fara amfani da ƙarfi don cim ma burin siyasa ba. Da yawanku ma beguwa suka ɗauka alama, dabbar da ba ta far wa kowa sai an taɓa ta. To, rumfarku ta nuna wannan hali. Kada a tare wa mutum hanya. Kada a cusa masa takarda a hannu. Wanda ya tsare ka rabin awa yana yi maka wa'azin 'yanci alhali 'ya'yanka na jan rigarka, ai ya ƙaryata kansa.

Ka kuma bar manyan kalmomin littattafai a gida. Ka yi zancen abin da ke cin mutane a unguwa: lasisin mai sayar da abinci a mota, harajin gida, izinin gina ɗaki a bayan gida. Ka tuna da masu kitso, cikinsu har da 'yan'uwanmu mata daga Afirka ta Yamma. A jihohi da dama an daɗe ana tilasta musu dogon karatun gyaran gashi mai tsada kafin su taɓa kan kowa, sana'ar da suka koya tun suna gindin iyayensu. Lauyoyin Institute for Justice sun yi ta kai ƙara a kan haka tun 1991, jihohi da yawa kuma sun sassauta. Labari irin wannan ya fi lacca shiga kunne.

Mai neman rigima zai zo, ba makawa. Ka bar shi ya zazzage, ka ce masa ka ji, ku rabu da murmushi. Magana zarar bunu ce, yanzu kuma kowa da waya a hannu.

Bayan an naɗe laima aikin ke farawa. Duk wanda ya bar lambarsa da son ransa, ku neme shi kafin mako ya zagayo, ku gayyace shi shan shayi. In mutum biyar suka dawo, ka ci riba. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin ku tafi ku share wurin tsaf, ku gode wa maƙwabtan rumfa, har da abokan hamayya. Allah ya yi maka albarka, ka gaishe mini da iyali.