Kafin ka ɗaga bindiga ga zabon daji

Da an kwashe hatsi an saki dabbobi cikin gonaki, samari sukan fara zuwa wurinmu, mu ma'aikatan gandun daji, neman takardar izinin farauta. Galibinsu bindigar uba ko ta kawu suka gada: Baikal ta Rasha mai baki ɗaya, kalibar 12, ko tsohuwar Simplex ta Faransa. Nakan tambayi kowa irin harsashin da zai saya. Amsar ba ta cika canzawa ba daga Madawa har Buza da Keita: "Ranka ya daɗe, mai manyan ƙwayoyi, wanda ke kaiwa nesa." Wannan amsa ta cuci zabi da yawa, ta cuci mutane ma.

Ƙannena, zabon daji tsuntsu ne mai taurin rai. Gashinsa na da kauri, kuma ya fi dogara ga ƙafa bisa fiffike. In ka karya masa fiffike kaɗai, ya shige duwatsun Adar ke nan, sai ya mutu can a kogo, ya zama mushe. Ba ka ci ba, daji kuma ya yi hasara. Abin da ke kayar da shi nan take shi ne ƙwayoyi da dama su same shi a kai da wuya. Mafarautan talotalon daji a Amurka sun daɗe da gane haka: kai da wuya suke auna, da ƙwaya lamba 4 zuwa 6, kuma ƙa'idarsu ta gargajiya ita ce kada a wuce wajen mita 36.

Lambar da ke jikin kwalin harsashi, in ta hau, ƙwayar dalma ta ƙanƙance. Lamba 4 kaurinta ya ɗan haura milimita 3, lamba 6 ba ta kai 3 ba. A harsashi mai giram 32, lamba 4 na ba ka ƙwaya wajen 150, lamba 6 kuwa wajen 250. Ga zabo da fakara, lamba 6 ko 5 nake ba da shawara. Ga kurciya da hasbiya, 7 ta wadatar. Manyan ƙwayoyin nan da ake ɗura wa gyado, tara ko goma sha biyu ne kacal cikin harsashi. Sai zabo ya wuce ta tsakaninsu lafiya lau, su kuwa su ci gaba da tafiya da ƙarfinsu, neman wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai batun matsin baki. Bututun bindigar farauta yakan ɗan tsuke daf da ƙarshe, kuma wannan tsukewar ce ke hana ƙwayoyi watsewa da wuri. Wadda ba ta da matsi ko kaɗan, a mita 36 kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyinta ne ke faɗawa cikin da'ira mai faɗin santimita 76. Mai cikakken matsi takan zuba kashi 70. Sababbin bindigogi ana kwance musu baki a sauya; irin namu na gado yadda aka ƙera su haka suke, kuma yawancin masu baki ɗaya matsatsu ne sosai. Ma'ana, a taki goma harbinka bai fi faifai faɗi ba: ko ka kuskure gaba ɗaya, ko ka dagargaza naman.

Ba a sanin halin bindiga da labarin mai ita. Samo babban kwali, ka zana kai da wuyan zabo a tsakiya da gawayi, ka jingina shi a gindin tudu inda babu hanya a baya. Ka auna taki talatin ka harba, sa'annan ka je ka ƙirga hudojin. Na tsaya a kan irin wannan gwaji da wani matashi wanda ya rantse bindigar babansa na kayar da zabo a taki saba'in. A talatin, kan zabon ya sha huda. A arba'in da biyar ƙwaya ɗaya ce ta taɓa wuyan, sauran sun bar fili a tsakiyar kwalin da hannunsa ya rufe bai taɓa huda ko ɗaya ba. Ya daɗe yana shafa kwalin da yatsa. Inda hudoji suka fara ƙaranci, nan ne iyakarka, ko da zabo ya tsaya yana kallonka. Harsashi biyu ko uku da ka kashe a kwali ba ɓarna ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsawon harsashi. A gindin bututu akwai rubutu: 12/70 ko 12/76, tsofaffi ma 12/65. Tsawon da ake nufi shi ne na kwanson bayan ya buɗe. Shi ya sa harsashin 76 ke shiga bindigar 70 sumul, ta rufu kamar ba komai. Sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, ƙarfin wuta ya ƙaru a daidai inda fuskarka da hannunka suke. Karanta rubutun kafin ka je kasuwa, in ya goge ka kai wa wanda ya sani. Haka nan ƙwayar ƙarfe ba ta dace da tsohon baki mai cikakken matsi ba, tana kumbura shi. Masu bindigar toka ta maƙera kuwa, don Allah kada ku farke harsashin kanti ku ɗura garinsa: ba albarushin gargajiya ba ne, bututun ba zai ɗauka ba. Na ga hannun da ya rasa yatsu ta wannan hanya.

Dajinmu kuma ba kango ba ne. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska, da tuddan da aikin Keita ya farfaɗo da su daga 1984, su ne mafakar tsuntsaye, su ne kuma wurin mata masu itace da yara masu kiwo. A kwarin Tarka masu albasa na duƙe cikin fadama tun asuba. Ƙwaya lamba 6 na iya tafiya fiye da mita 200, lamba 4 ta haura 250. Ta daina kashe zabo tun kafin nan, amma ba ta daina tsiyaye ido ba. In ba ka ga abin da ke bayan tsuntsu ba, sauke bindiga.

Dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta wajabta takardar izini, kuma takardar mallakar bindiga daban take. Lokacin buɗe farauta hukuma ce ke sanarwa, ku zo ku tambaya. Da damina zabuwa na kan ƙwai, ku ƙyale ta. In za ku zo, ku taho da bindigar a karye, babu harsashi ciki, da kwalin harsashin da kuka saya, mu duba lambobin tare.